Wa Ya Isa a Kira Shi Tafintan Kotu? Hanyar Samun Takardar Shaida a Amurka da Darasinta ga Kotunan Nijeriya

Tsakure

Wannan takarda ta bi hanyar da mutum yake bi kafin ya zama tafintan kotu mai takardar shaida a Amurka, ƙasar da ta kafa dokar tantance tafintoci a 1978. Ta duba shari'ar da ta share wa dokar fage, da siffar jarrabawar da ake zama, da abin da jarrabawar take aunawa. Daga nan ta waiwayi kotunan Nijeriya, inda kundin tsarin mulki ya ba wanda ake tuhuma haƙƙin samun tafinta kyauta, amma ya yi shiru a kan wanda ya cancanci wannan suna.

Shari'ar mai aikin dankali

A 1966 faɗa ya kaure tsakanin ma'aikatan wata gonar dankali a gundumar Suffolk ta jihar New York, aka daɓa wa ɗaya wuƙa ya mutu. Wanda aka kama shi ne Rogelio Nieves Negrón, saurayi ɗan shekara 23 daga tsibirin Puerto Rico, wanda karatunsa bai wuce aji shida na firamare ba. Ba ya jin Turanci. Lauyan da aka ba shi kuma ba ya jin Sifaniyanci.

Kwana huɗu aka yi ana shari'ar. Shaidu 14 ɓangaren gwamnati ya gabatar, 12 daga cikinsu da Turanci suka yi magana, Negrón yana zaune yana kallon bakinsu. Akwai tafinta a kotun, amma masu gabatar da ƙara ne suka ɗauko ta, kuma aikinta shi ne ta mayar da maganar Negrón da ta sauran masu Sifaniyanci zuwa Turanci domin alƙali da masu taimaka masa yanke hukunci su ji. Shi kuwa wanda ake zargi, sau biyu kawai ta zauna da shi lokacin hutu, na minti goma zuwa ashirin, ta taƙaita masa abin da aka faɗa a kansa. Aka same shi da laifin kisa, aka yanke masa ɗaurin da ba zai gaza shekara 20 ba, yana iya kaiwa rai da rai.

A 1970 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce wannan shari'a ba ta yiwu ba. Alƙalin da ya rubuta hukuncin, Irving Kaufman, ba mutum ne da aka sani da sanyin hannu ba, domin shi ne ya yanke wa Julius da Ethel Rosenberg hukuncin kisa a 1951. Duk da haka ya ga cewa mutumin da ba ya fahimtar abin da shaidu ke faɗi ba zai iya taɓa lauyansa ya ce masa wancan ƙarya yake yi ba, saboda haka haƙƙinsa na fuskantar masu ba da shaida a kansa ya zama suna kawai. Gangar jikinsa tana kotu, amma a idon shari'a daidai yake da wanda aka yi wa hukunci a bayan idonsa.

Hukuncin ya tabbatar da haƙƙi, sai dai ya bar tambaya a buɗe. Idan dole ne a kawo tafinta, wane ne shi? Shekarun da suka biyo baya, kotuna sun ci gaba da jawo duk wanda ke kusa: ɗan sandan da ya yi kamun, ma'aikacin kotu, ɗan'uwan wanda ake tuhuma, wani lokaci ma wani fursuna.

Dokar 1978 da jarrabawarta

A watan Oktoba na 1978 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a Dokar Tafintocin Kotu. Dokar ta ɗora wa ofishin da ke kula da gudanar da kotunan tarayya alhakin tsara jarrabawa da ba da takardar shaida, ta kuma umarci alƙalai su yi amfani da mai takarda matuƙar ana iya samunsa. A 1980 aka fara ba da takardar ga tafintocin Turanci da Sifaniyanci. Daga baya an ƙirƙiro jarrabawa ga harshen Navajo da kuma Kiriyol na ƙasar Haiti, amma an daina yin su. Yau Sifaniyanci kaɗai ya rage.

Ba a tambayar digiri kafin a zauna jarrabawar. Direban tasi da farfesa ƙofa ɗaya suke shiga, kuma ba a san wanda zai fito da takarda ba sai an gwada.

Matakin farko rubutacce ne, tambayoyi da zaɓin amsa, rabi a Turanci rabi a Sifaniyanci. Ana gwada fahimtar karatu, da nahawu, da yalwar kalmomi, da karin magana. Dole mutum ya ci kashi 75 cikin ɗari a kowane harshe daban. Wanda ya yi zarra a harshen uwarsa ya yi rauni a ɗayan ya faɗi, ba a haɗa maki a raba. A nan ne mutane da yawa da suka tashi a gidan da ake harshe biyu suke gane cewa Sifaniyancin da suka koya a wurin kakarsu bai kai ga rahoton likitan da ya binciki gawa ba.

Mataki na biyu shi ne na baka, kuma shi ne mai kayar da mutane. Bai wuce kimanin minti 45 ba. Mai jarrabawa yana zaune da na'urar saurare a kunne, ana naɗar duk abin da ya fito daga bakinsa. Da farko a miƙa masa takarda da Turanci, irin rahoton da jami'in bincike ke rubutawa, a ba shi ɗan lokaci ya duba, sannan ya karanta ta da baki cikin Sifaniyanci kamar da shi aka rubuta ta. Sai a ba shi wata da Sifaniyanci ya mayar Turanci. Bayan haka sai tafintar bi-da-bi: lauya ya yi tambaya, shaida ya amsa, shi kuma ya jira kowa ya dire ya maimaita, yana dogaro da ƙwaƙwalwarsa da 'yan alamomin da yake zanawa a takarda. Akwai kuma tafintar tare-da-tare kashi biyu, inda yake magana a daidai lokacin da mai maganar ke yi, yana bin sa a baya da 'yan kalmomi. Ɗaya jawabin lauya ne mai gudun kalma 120 a minti, ɗayan tambaya da amsa ne tsakanin lauya da ƙwararren shaida, wanda gudunsa ke kaiwa kalma 160.

Yadda ake ba da maki shi ne abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa. Masu dubawa ba sa zama su ce wannan ya burge su, wancan bai burge su ba. Tun kafin jarrabawa an ja layi a ƙarƙashin gurabe 220 a cikin rubutun: lamba, kwanan wata, sunan wuri, kalmar shari'a, zagi, karin magana, kalmar da ke nuna shakka, jimlar da nahawunta ke da tarko. Kowane gurbi ko dai an fitar da shi daidai ko ba a fitar ba. Ana bukatar kashi 80 cikin ɗari. Mutum yana iya yin magana mai daɗin ji tun daga farko har ƙarshe, ya faɗi warwas, saboda ya zubar da lambobi uku nan, ya tausasa zagi can, ya tsallake wani “wataƙila” da shaida ya faɗa. Mafi yawan masu zama faɗuwa suke yi, wasu sai sun koma sau da yawa.

Tun a shekarar farko wasu tafintoci biyu da suka daɗe suna aiki a kotunan New York suka faɗi, suka kai ƙara cewa jarrabawar tana gwada abin da bai shafi aikinsu ba. A shari'ar da aka sani da Seltzer da Foley, a 1980, kotu ta kori ƙarar, ta ce jarrabawar tana da tushe. Daɗewa a aiki bai zama hujjar iya shi ba.

Me ya sa “wataƙila” take da wannan nauyi?

A ɗauki misali daga kotun majistare a kowane gari na Arewa. Lauya ya tambayi dattijo yaushe ya ga wanda ake tuhuma. Dattijo ya gyara hula, ya ce: “To, ranka ya daɗe, ina jin dai kamar bayan la'asar ne, Allah ne masani.” Tafinta ya juya ga alƙali ya ce da Turanci ƙarfe huɗu na yamma ne. Alƙali ya rubuta ƙarfe huɗu. Dattijon bai ambaci agogo ba, kuma sau uku ya nuna ba shi da tabbas, amma a kundin shari'a ya zama shaida mai yaƙini. Idan wani shaida ya zo ya ce ƙarfe biyar da rabi, lauyan da ke kare wanda ake tuhuma zai tashi ya ce maganar shaidu ta ci karo, alhali ƙarfe biyar da rabi ma bayan la'asar ce. Saɓanin da za a yi ta jayayya a kansa har kotun ɗaukaka ƙara, tafinta ne ya haife shi.

Binciken Susan Berk-Seligson, wanda ya fito a littafi a 1990 bayan ta naɗi zaman kotuna masu yawa a Amurka, ya nuna wannan a aikace. Tafintoci suna ƙara kalmomin ladabi ko su rage, suna tsawaita amsa, suna sa shakka inda babu. Da ta sa mutane suka saurari shaida guda da tafinta iri biyu, sai ra'ayinsu a kan gaskiyar mai shaidar da hankalinsa ya sauya gwargwadon yadda tafinta ya yi magana. Shi ya sa ƙa'idar aikin ta ce a riƙe matakin magana yadda yake. Idan shaida ya yi ashar, tafinta ya yi ashar a gaban alƙali. Idan ya yi kame-kame, a ji kame-kamen. Kuma tafinta yana magana ne da bakin mai magana: shaida ya ce “na gan shi”, shi ma ya ce “na gan shi”, domin idan ya ce “ya ce ya gan shi” mai karanta kundin ba zai san wa ya ga wa ba.

Harsunan da ba su da jarrabawa

Yawancin shari'u a Amurka a kotunan jihohi ake yin su, kuma dokar 1978 ba ta shafe su ba. Tsara jarrabawar baka yana cin kuɗi, jiha ɗaya ba ta iya yi wa kowane harshe. A 1995 jihohin Minnesota, New Jersey, Oregon da Washington suka haɗa kai da cibiyar ƙasa mai kula da kotunan jihohi, suka kafa gamayyar da ke rubuta jarrabawa a yi amfani da ita tare. Sauran jihohi suka biyo baya. Tsarin ya yi kama da na tarayya: taron wayar da kai, rubutacciyar jarrabawa mai tambaya 135 da ake cin ta da kashi 80, sai ta baka da ake neman kashi 70 a kowane sashe, tare da binciken ko mutum ya taɓa aikata laifi. Jihohi da dama suna kuma wajabta ƙarin horo lokaci-lokaci kafin a sabunta takarda.

Oregon tana da dalilin shiga sahun farko. A 1986 aka ɗaure Santiago Ventura Morales, matashin ma'aikacin gona daga Meziko, bisa laifin kisa. An ba shi tafintan Sifaniyanci saboda ɗan Meziko ne, alhali harshensa Mixtec ne, Sifaniyancinsa kaɗan ne. Sai a 1991 aka sake shi bayan an rushe hukuncin. Kuskuren irin wanda zai faru ne idan aka kawo Bakanuren Diffa ko Bafulatanin daji gaban kotu aka ce ai ɗan Arewa ne, a yi masa Hausa.

Bahaushe mazaunin unguwar Bronx ta New York, ko ɗan zangon Kumasi da ke son yin wannan aiki da Hausa, ba zai sami jarrabawar tarayya ba. Kotunan tarayya suna da rukuni biyu ga irinsa. Na farko shi ne wanda wata hukuma ta riga ta tantance, kamar wanda ya ci jarrabawar tafinta ta Majalisar Ɗinkin Duniya ko ta ma'aikatar harkokin wajen Amurka, ko ɗan ƙungiyar tafintocin manyan taruka ta duniya. Na biyu shi ne wanda ya gamsar da kotu cewa yana iyawa. Kuɗin da ake biyan rukuni na ƙarshe bai kai na mai takarda ba, kuma gaskiyar magana ita ce alƙalin da ba ya jin Hausa ba shi da ma'aunin da zai gane ko an gamsar da shi da gaskiya.

Bayan an karɓi takarda

Takarda ba ta sauke wa mutum nauyi. Kafin ya buɗe baki a kotu sai ya yi rantsuwa cewa zai fassara daidai ba tare da son kai ba. Ba ya ba wanda ake tuhuma shawara, ko da ya roƙe shi a raɗa, ko da garinsu ɗaya. Idan ya san ɗaya daga cikin masu shari'ar, ya faɗa wa alƙali. Idan ya gane ya yi kuskure, ya tsayar da zama ya gyara a kundin, duk da kunyar da ke ciki. Abin da ya ji tsakanin lauya da wanda yake karewa a bakinsa zai mutu.

Akwai kuma gajiya. Binciken da Barbara Moser-Mercer da abokan aikinta suka yi a Janeba a 1998 ya nuna kurakuran ma'ana suna ƙaruwa bayan kimanin minti 30 na tafintar tare-da-tare, kuma tafintan kansa ba ya lura cewa aikinsa ya soma lalacewa. Don haka a doguwar shari'a mutum biyu ake sawa suna karɓar juna.

Birtaniya ta nuna cewa tsarin da aka gina yana iya rushewa. Iqbal Begum, wadda ta kashe mijinta a Birmingham bayan shekaru tana shan duka, ta amsa laifin kisan kai a 1981 ta bakin tafintan da ba ya jin harshenta yadda ya kamata. A 1985 kotun ɗaukaka ƙara ta gano ba ta fahimci bambancin kisan ganganci da wanda bai kai shi ba, ta soke hukuncin. Wannan na cikin abubuwan da suka kai ga kafa rajistar tafintocin ayyukan gwamnati a 1994. Amma a 2012 ma'aikatar shari'a ta miƙa aikin ga kamfani guda domin rage kashe kuɗi, aka zaftare ladan aiki, ƙwararru da yawa suka ƙaurace, shari'u suka yi ta ɗagewa. Wata tafinta, don ta nuna babu tantancewa, ta yi wa zomonta rajista a shafin kamfanin, kuma aka karɓe shi.

Inda Nijeriya ta tsaya

Sashe na 36(6) na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a sanar da wanda ake tuhuma laifinsa cikin harshen da yake ji, kuma a ba shi tafinta kyauta idan ba ya jin harshen kotu. Harshen manyan kotuna Turanci ne, da shi ake rubuta kundi. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, a sashe na 17, ta ƙara da cewa idan wanda ake zargi ba ya jin Turanci, tafinta ya rubuta bayaninsa ya karanta masa, ya kuma sa sunansa da adireshinsa da sana'arsa. Kotuna sun daɗe da yanke cewa idan an ɗauki bayanin amsa laifi ta bakin tafinta, sai an kira tafintan ya ba da shaida, in ba haka ba bayanin ji-ta-ji-ta ne.

Matsalar ba sabuwa ba ce, kuma ba koyaushe Bahaushe ne ke cutuwa ba. A farkon shekarun 1960, a shari'ar Ajayi da En'e ta Zariya, Yarabawa ne aka yi wa shari'a da Hausa, tafintoci biyar suka yi ta karɓar juna, kuma Kotun Ƙoli ta rushe hukuncin saboda raunin tafintar. Wato Nijeriya ta isa inda Amurka ta isa a shari'ar Negrón shekaru kafin ita. Abin da ba ta yi ba shi ne mataki na gaba. A kotuna da yawa har yau akawun kotu ko magatakarda ake kira ya tsaya tsakani, wanda aka ɗauka aiki don ajiye fayil, ba wanda ya taɓa auna Turancinsa ko Hausarsa. Wasu sun ƙware ƙwarai saboda daɗewa, wasu kuwa sai addu'a, kuma babu abin da ke raba su a takardar albashi. Ga shi kuma idan mutum yana da lauya bai yi ƙorafi a kan tafinta lokacin shari'a ba, da wuya a saurare shi a ɗaukaka ƙara. Tunda Turancin tafinta kaɗai ke shiga kundi, Hausar da aka faɗa ta bi iska, babu abin da za a gwada da shi.

Haɗarin ya fi tsanani a lokacin amsa tuhuma. Dokar Final Kod ta jihohin Arewa ta raba kisan da hukuncinsa kisa ne, a sashe na 221, da wanda hukuncinsa bai kai nan ba, a sashe na 224. Tafintan da ya dunƙule doguwar tuhuma ya ce wa manomi “ka yi ko ba ka yi ba?” zai sami amsar “na yi”, domin mutumin ya san ya kai sara, amma ba a tambaye shi niyya ko tsokana ko kare kai ba.

Kayan gina jarrabawa suna nan. Jami'ar Bayero tana da cibiyar nazarin harsunan Nijeriya da fassara, wadda ta fitar da ƙamusun Hausa a 2006. Sassan harsuna a Zariya da Sakkwato sun daɗe suna koyar da fassara. Cibiyar horar da alƙalai da ma'aikatan shari'a ta ƙasa, wadda aka kafa a 1991, tana Abuja. A ƙetaren iyaka kuma, Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, alhali dokokinta da Faransanci aka rubuta su, don haka ita ma bukatar tana ƙofarta. Dabarar jihohin Amurka huɗu ta 1995 ta dace da jihohin Arewa: su haɗa kuɗi su rubuta jarrabawa ɗaya.

Wahalar tana wurin gurabun maki. Dole lauyoyi da alƙalan kotunan shari'ar Musulunci da malaman harshe su zauna su amince da amsoshin da za a karɓa a kowane gurbi, su yarda da Sakkwatanci da Katsinanci da Hausar Damagaram inda ma'ana ta fita, su kuma tsai da kalmomin beli da ɗaurin talala da ɗage zama. Bayan Hausa akwai Fulfulde da Kanuri da Nupe da Tibi da maganar hannu ta kurame, kowanne da tasa jarrabawar. Kafin a kai can, akwai abin da babban jojin kowace jiha zai iya umarta da takarda ɗaya: a naɗi muryar shaida da ta tafinta a duk shari'ar da hukuncinta zai iya kaiwa ga kisa ko ɗaurin rai da rai, a ajiye naɗin tare da fayil.